Jinin da Ke Hawa Sama

Ƙararrawar cocin Rochefagne ba ta kaɗa ba a safiyar nan, shi ya fito da Inna Hortense daga gida tana mita, wai tsohon banzan nan Ghislain ya sake makara. Da kafaɗa ta tura ƙofar cocin, don hannuwanta cike suke da furanni. Ihun da ta kurma sai da aka ji shi a ma'aikatar yanka katako da ke gangaren rafi.

Baba Ghislain, wanda yake kula da cocin tun kafin yaƙi, yana kwance rub da ciki a gindin bangon hagu, an fasa masa ƙeya. Wanda ya yi aikin bai tsaya a bugu ɗaya ba, ya yi ta jibga har bayan da babu sauran abin jibga. Mazaunin kyandir na tagulla yana yashe a gefe ya lanƙwashe, farin gashin tsohon ya manne a jikinsa. Jini ya bi tsagar daɓe har ƙarƙashin benci.

Kafin jandarma, 'yan sandan yankin, su hauro daga gari, ƙauye ya gama shari'a ya yanke hukunci. Valere ne, wa zai yi in ba shi ba? Mashayi, ɓarawon naman daji, wanda Ghislain ya fatattaka da tsintsiya a makon jiya don ya same shi yana barci a kan bencin coci. Kowa ya ji abin da Valere ya ce a ranar: "Tsoho, wata rana sai na fasa maka kai."

*

Saja Dethier baƙo ne a ƙauyen, bai san kowa ba. Ya kulle cocin, ya tambaya ko akwai mai kare. Aka ce a kira Leonie.

Leonie ce ke bin sawun aladen dajin da maharba suka harba bai mutu ba. Doguwar mace ce mai faɗin kafaɗa, wadda hirarta da karenta Filou ta fi hirarta da mutane yawa. Tun asuba tana daji, da taɓo har gwiwa aka taro ta. Ita ce matar Achille mai mashaya, kuma ita ce yayar Valere, ita ta goye shi bayan rasuwar uwarsu.

"Madam, an ce karenki ba ya kuskure," in ji Saja.

"Kare ba ya kuskure, Saja. Mutane ne ke yi."

"An kuma gaya mini ƙanenki ake zargi. Duk inda karen nan ya nufa za ki bi?"

Ta dube shi ido cikin ido. "Zan bi."

Suka shiga. Mai bin sawu kansa a ƙasa yake, don haka ita ma ƙasa ta duba, amma ruwan sama da takalman 'yan kallo sun dagula komai. Ta kai hancin Filou kan tagullar. Karen ya shinshina, ya ɗago, sai ya kama kaɗa wutsiya. Ya ja ta ta ƙofar gefe, ya ratsa maƙabarta, ya bi bayan makaranta, rabin ƙauye na biye da su. Bai tsaya ko'ina ba sai ƙofar bayan mashayar mijinta, wato ƙofar gidansu. Ya zauna yana karta da farce yana ɗan kuka irin na murna.

Fernand, ɗan ƙanwar mamacin kuma shugaban masu yanka katako, ya tofar da yawu.

"To, ga gwanin ya kama mai laifi! Tukunyar miya ce ta kashe mini kawu. Ko kuwa ke kika raɗa masa ya kauce wa ɗan'uwanki?"

Aka yi dariyar da ba ta daɗi ba. Kunya da takaici suka rufe Leonie. Ta naɗe igiyar fata a hannu ta tsula wa Filou a gadon baya, ta sake tsula masa, abin da ba ta taɓa yi ba tun yana ɗan kwikwiyo. Karen ya kwanta yana kallonta.

Ƙofa ta buɗe, Achille ya leƙo da tsumma ɗaure a hannun dama.

"Haba Leonie, me ya yi miki? Ƙashinsa ya zo karɓa." Ya jefa masa ƙashi.

"Me ya sami hannunka?"

"Kwalba ce ta fashe mini. Shigo ki sha abu mai zafi, kin jiƙe."

Ba ta shiga ba, don daga can dandali ta jiyo hayaniya.

*

Masu katako ne suka ci karo da Valere yana saukowa daga daji yana tangaɗi, hannun rigarsa jina-jina. Ba wanda ya tambaye shi komai. Na farko ya sa masa gora a gwiwa ya faɗi, sauran suka rufe shi. Takalmansu masu ƙarfe ne a baki. Leonie tana gudu tana jin ƙarar haƙarƙari kamar ana karya kirare. Fernand ya riga ta isa, ya taka hannun Valere a kan dutse ya murza da dunduniya.

"Da wannan ka buge shi? Da wannan, ɗan iska?"

Leonie ta kutsa cikinsu. Ta naushi wani a maƙogwaro, wani ya ba ta gwiwar hannu a baki har leɓenta ya fashe. Ta faɗa kan ƙanenta ta rufe shi da jikinta, duka biyu suka sauka a bayanta kafin Saja ya harba bindiga sama.

Da aka ɗaga Valere, haƙoransa na gaba suna ƙasa cikin taɓo, ido ɗaya ya rufe. Saja ya sa aka kulle shi a ɗakin ajiya na ofishin magajin gari, ya ce motar fursuna za ta zo da yamma.

"Ta zo mana," in ji Fernand yana goge hannu a wando. "Ai hanya ɗaya ce, ta gaban injinmu na katako za ta bi. Mu gani ko zai kai gari da rai."

Ba barazana ba ce ta fatar baki, kowa ya san Fernand. Leonie ta waiwaya tana neman mijinta. Yana tsaye a ƙofar mashaya yana goge kofi, bai ko sauko daga kan dakali ba. Abin ya sosa mata rai, amma ta ce a ranta Achille dama ba mutumin faɗa ba ne.

*

A ɗakin ajiya Valere yana jingine da buhunan gishirin da ake zubawa a titi lokacin ƙanƙara. Da ƙyar maganarsa ke fita.

"Yaya, wallahi ban sani ba."

"Ba ka sani ba ko ba ka yi ba? Kai, dube ni nan!"

"Na sha da yawa. Na tuna na duba tarkona, na tuna barewa. Daga nan ban san komai ba sai da na farka a bukkar masu gawayi." Ya fashe da kuka, jini na bin haɓarsa. "In ni ne fa, Yaya? Ai na ce zan fasa masa kai."

"Rufe mini baki. Kai da ko kaza sai ka kau da kai kake yanka ta."

Ta hau daji ita kaɗai, don Filou ya ƙi tashi daga ƙofar gida. Sawun Valere ba ya ɓuya, mashayi ba ya tafiya a miƙe. Ta bi shi har bukkar, ta tarar da barewa a rataye an farke cikinta, jininta ke nan a hannun rigarsa, ga kwalba, ga inda ya kwanta ciyawa ta bushe a ƙarƙashinsa alhali an kwana ana ruwa, bukkar kuma ba ta da rufin kirki. Bai sauko ƙauye ba sai da gari ya waye sarai.

Ta kawo wa Saja labari. Ya sosa ƙeya.

"Madam, ni na yarda da ke. Amma yayarsa ce ta gani, ita kaɗai. Ki kawo mini wanda ya yi, in ba haka ba da shi zan tafi."

Ta ce ya ba ta makullin coci.

*

An ɗauke gawar, saura jinin. Fada Remacle, limamin cocin, yana durƙushe a bakin ƙofa, ya kasa ƙarasawa ciki. Leonie ta bi daɓen taku-taku ba ta ga sabon abu ba. Ƙafafunta suka gaji, bakinta na zugi, ta zube a kan benci ta ɗaga kai, karo na farko a ranar.

Tsohon cocin ya rushe a yaƙi. Da aka sake ginawa, wani mai zane daga Liège ya zo ya yi musu Hanyar Gicciye, zane goma sha huɗu na wahalar Almasihu, babu fuska ko ɗaya, babu hannu babu ƙafa, sai launi da layuka. Da farko tsofaffi sun ce ai goge buroshinsa kawai ya yi ya karɓi lada. Sannu a hankali aka saba, har baƙi suka fara zuwa kallo, aka buga zanen a katunan gaisuwa. Fada ya ce ba a ciniki a ɗakin Ubangiji, sai aka kai katunan mashayar Achille, nan ake sayar da su tun lokacin.

Na goma sha biyu, mutuwar Almasihu, shi ne a saman inda Ghislain ya faɗi. Baƙi ne wuluk, da jan layi guda wanda ya faro siriri daga sama ya gangaro ya taru a ƙasa kamar kududdufi. Leonie ta san shi kamar tafin hannunta. Amma yau kududdufin yana sama, siririn yana ƙasa.

"Fada, zo ka gani."

Ya taso yana ɗingishi, ya duba, ya yi alamar gicciye. "An juya shi! Kamar na katin."

Wannan tsohon zance ne a Rochefagne. Mai buga katunan bai san kai da gindin zanen ba, ya buga na goma sha biyu a juye, ya sa rubutun a ƙarƙashin inda ya kamata ya zama sama. Ba a taɓa gyarawa ba, don shi ya fi kasuwa. Matan coci suna kiransa jinin da ke hawa sama.

Leonie ta hau benci ta sauke zanen. Kusurwar firam ɗin ta tsage, alamar ya faɗo lokacin kokawa. Jinin gaske ya fantsama a kan baƙin fentin ya bushe. A baya kuwa, jikin wayar ratayewa, ga wani jinin daban, inda wayar ta yanki wanda ya mayar da shi kan ƙusa.

"Wanda ya kashe shi ya tsaya ya ɗauki wannan daga ƙasa ya rataye," ta ce. "Kuma a kati ya san shi, bai san shi a bango ba. Valere a ƙarƙashinsa yake barci, ko a buge ba zai juya shi ba."

"Baƙo ke nan," in ji Fada da sauri, har da ajiyar zuciya. "Malamin nan ɗan Holan da ya kwana biyu yana naci a sayar masa da zanen. Ghislain ya kore shi da zagi."

Zuciyar Leonie ta yi sanyi. Ta sheƙa gidan da baƙon ya sauka. Matar gidan ta ce ai tun shekaranjiya ya hau bas, ita ta riƙe masa jaka, ga shi da sanda yake tafiya, ko matakala ba ya iya hawa sai an tallafe shi. Leonie ta tsaya a bakin hanya tana kallon taɓo. Babu sawun taya ko na takalmin da ba ta sani ba. Babu baƙon da ya shigo ƙauyen nan.

Ta koma coci a hankali.

"Fada, a garin nan wa ya san katin bai san bangon ba?"

Fada ya buɗe baki zai ce babu, sai ya rufe. Ya kasa kallonta.

Mutum ɗaya ne a Rochefagne da bai taɓa taka sabon cocin ba. Ko aurensa a ofishin magajin gari aka ɗaura aka tashi. A hunturun ƙarshe na yaƙi, yana yaro, sojojin mamaya suka zaƙulo ubansa daga hasumiyar ƙararrawa inda ya ɓuya, suka harbe shi a jikin bangon tsohon cocin, daidai inda na goma sha biyu yake rataye yanzu. Shi ya sa ba a zancen wannan zanen a gabansa, ko da wasa. Ba wanda ya taɓa samun ƙarfin halin gaya masa cewa katin a juye yake. Akwai guda ɗaya maƙale a jikin madubin bayan kantarsa, ya koɗe don daɗewa, kullum yana gabansa.

Leonie ta tuna wutsiyar Filou, ta tuna tsumman hannun mijinta. Ana zaton wuta a maƙera, ga ta a masaƙa.

*

La'asar ta yi, mashaya ta cika maƙil. Masu katako sun zauna kusa da taga suna jiran motar fursuna, gororinsu jingine da tebur. Matan coci sun taru wajen murhu da Inna Hortense a tsakiya. Saja yana bakin ƙofa, Leonie ce ta ce ya zo. Achille yana zuba giya da hannun hagu.

Ta shigo da zanen naɗe a bargo, Filou na bayanta yana rakuɓewa.

"Ga mai kare ta dawo," in ji Fernand. "Yau kuma wace tukunyar aka kama?"

Ba ta kula shi ba. Ta kwantar da zanen a kan kantar mashayar a gicciye, ta yaye bargon. Tana roƙon Allah a ranta ya sa ta yi kuskure. Shekara goma sha tara take kwana da mutumin nan, shi ke gasa mata ƙafa da ruwan zafi in ta dawo daga daji.

"Maigida, hannuna ya gaji. Ɗaga mini wannan mutane su gani."

Achille ya ɗan tsaya. Ya goge hannu a riga, ya kama firam ɗin, ya juya shi yadda ya ga ya dace, ya ɗaga shi sama da girmamawa kamar mai ɗauke da jariri. Kududdufin yana sama.

"A'a, ɗana, ka juya shi," Inna Hortense ta faɗa tun kafin ta yi tunani. Sai ta toshe bakinta da hannu.

Leonie ta juya wajen Saja.

"Haka na same shi a bango, Fada shaida ne. Ya faɗo lokacin kisan, wanda ya yi kisan ya mayar da shi a juye. Duk mai durƙuso a cocin nan ya san jinin ƙasa yake gangarowa. Wayar baya ta yanki hannun mutumin. Da safe kuma karena ya kawo mu ƙofar gidan nan, na dake shi." Ta juyo. "Achille, kwance tsumman."

Bai kwance ba. Idonsa na kan Inna Hortense.

"Inna, me kika ce? Wa ya juya?"

"Katin ne aka buga a juye, ɗana, tun farko. Jinin ƙasa yake zuba."

Achille ya waiwaya ya dubi katin da ke jikin madubi, ya dubi zanen da ke hannunsa. Fuskarsa ta yi fari fat.

"Shekara ashirin," ya ce a hankali. "Kullum na buɗe shagon nan sai na dube shi in ce jinin babana ne ke hawa sama. Dukanku kun sani? Kuna shan giyata kuna kallona?"

Ya ajiye zanen.

"Jiya Ghislain ya zo nan ya ce in same shi a coci da asuba, wai likita ya ce kwanansa ya ƙare, yana da magana. Na je. Ya tsayar da ni a gaban wannan, ya ce shi ya nuna wa sojojin hasumiya. Wai sun ɗora masa bindiga a kai. Wai in yafe masa ya mutu da sauƙi." Ya yi wata irin dariya. "Shi ya mutu da sauƙi! Ban san sau nawa na buge shi ba. Da na dawo hayyacina na ga wannan a ƙasa cikin jininsa. Ba zan bar babana kwance a jinin wannan mutumin ba."

"Ghislain tsakaninka da shi ne da Allah," in ji Leonie. "Valere fa? Kana tsaye a kan dakalin can ana karya shi, kana goge kofi. Da mota ta zo da yamma su kashe shi a hanya, kai kuma ka zuba musu giya?"

"Na zaci za a sake shi, Leonie. Na zaci..."

"Ƙarya kake! Ka ji abin da Fernand ya ce, a gabanka ya faɗa."

Fernand bai bari ya amsa ba. Ya yi kukan kura ya haye kantar da gora, kwalabe suka tarwatse. Gorar ta sami Achille a kafaɗa, ta biyu ta farfasa madubin. Achille ya sunkuya ya fizgo bindigar farauta daga ƙarƙashin kantar, ya sa gindinta ya daki Fernand a fuska. Hanci ya fashe, ƙaton ya zube cikin gilasai yana gurnani. Sauran suka taso, Achille ya sakar wa rufi harsashi ɗaya, farar ƙasa ta zubo a kan mata suna ihu. Kafin ƙurar ta lafa ya fice ta ƙofar baya. Ta taga suka hango shi ya tsallake shinge ya shige cikin itatuwa.

*

Saja Dethier ya karkaɗe hularsa, ya zo ya tsaya gaban Leonie.

"Madam, ba ni da wani mai bin sawu. Kuma yana da bindiga."

"Buɗe mini ƙanena tukuna."

Aka fito da Valere, mutum biyu na riƙe da shi, cikin waɗanda suka dake shi da safe. Ba su iya ɗaga ido ba. Ya dubi yayarsa da ido ɗayan da ya rage a buɗe.

"Yaya, an ce ba ni ba ne?"

"Ba kai ba ne. Inna Hortense, ki kai shi gidanki ki gasa masa jiki, kada a ba shi ko ɗigon giya."

Tsumman hannun Achille ya faɗi a bayan kantar wajen kokawa. Ta ɗauka. Ta durƙusa gaban Filou, karen ya noƙe yana jiran bulala. Ta shafa shatar da igiya ta bari a bayansa, ta kifa goshinta a kan nasa.

"Ka yi haƙuri. Kai ne mai gaskiya tun safe."

Ta kai masa tsumman ga hanci. Nan take wutsiya ta fara kaɗawa. Ya ja ta ta ƙofar baya, suka tsallake shingen, Saja da jandarmansa na biye. Sawun a fili yake, mutumin bai ko yi ƙoƙarin ɓoyewa ba. Ta san takun nan, ita ta kai takalmin aka sa masa sabuwar dunduniya.

Sun fara hawan tudu ke nan sai ƙarar bindiga ta tashi daga can cikin itatuwa, sau ɗaya. Tsuntsaye suka watse, jandarma suka kwanta a ƙasa. Leonie ta tsaya cak a tsaye, ta jira ta biyu, ba ta zo ba.

"Madam, ki kwanta!" Saja ya daka mata tsawa.

"Tashi, Saja. Ba mu ya harba ba, kansa ne."

Filou yana ta jan igiya yana kaɗa wutsiya, yana ɗokin ya kai ga mai ba shi ƙashi. Ta goge fuskarta da hannun riga, ta sassauta masa igiyar, ta bi shi.